Amsoshin Tambayoyinku: Aikin Albashi da Hidimar Gida

Tambayar yau daga wata malamar firamare ce a Zariya. Tana son sanin yadda mace za ta haɗa aiki da renon yara da hidimar gida ba tare da ta galabaita ba.

To Malama, ba ke kaɗai ba ce. Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2018 ya nuna mata ne ke yin kusan kashi 76 cikin 100 na hidimar gida da kula da iyali wadda ba a biya.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka a raba aikin. Nana A'isha ta shaida cewa Manzon Allah (SAW) yakan taya iyalinsa aikin gida. Yara maza da mata duk su koyi shara da wanke-wanke.

Ki markaɗa kayan miya ki soya ranar Asabar, ki shirya kayan makaranta tun da dare. Idan kina shayarwa, dokar ƙwadagon Najeriya ta ba ki rabin awa sau biyu a lokacin aiki.

Magidanta kuma, ku kama wa matanku. Taimakon iyali sunna ce.