Yadda Ake Haɗa Jimlar Kuɗi In An Raba Naira Da Kwabo Gida-Gida

JALINGO — Duk wanda ya taɓa leƙa littafin shiga da fitar kuɗi na wani kanti ko wata ƙungiyar gama kai a nan Jalingo ya san yadda ake ja masa layi, wato gida ɗaya na naira, gida ɗaya na kwabo. Wannan tsari gado ne tun daga zamanin fam da sule da kwabo, lokacin da kwabo 12 ke yin sule, sule 20 kuma su yi fam, har zuwa ranar 1 ga Janairu, 1973, da Nijeriya ta koma ga naira mai kwabo 100. Akawun wancan zamani ya san tilas ne ya kwashe abin da ya yi yawa a ƙaramin gida ya kai babba. Kwamfuta kuwa ba ta yin haka sai an umurce ta, ga shi kuma 'yan kasuwa da dama sun kwafe tsohon littafin yadda yake zuwa cikin jadawalin Excel.

Bari mu ɗauki misali. Dillalin shinkafa ya biya kuɗi sau uku: N12,450.75 da N8,300.60 da N5,120.90. Ya zuba naira a gidan B, kwabo a gidan C, daga layi na 2 zuwa na 4. Jimlar naira ta ba shi 25,870, ta kwabo kuma 225. In ya jera su kawai ya karanta N25,870.225, ya yi kuskure, domin kwabo 225 naira biyu ce da kwabo 25. Jimlar gaskiya N25,872.25 ce.

Maganin abin shi ne a raba jimlar kwabo da 100 kafin a haɗa ta da naira, kamar haka: =SUM(B2:B4)+SUM(C2:C4)/100. Wanda kuma yake son amsar ta fito gida biyu kamar ta littafi, sai ya fara mai da kome kwabo a gurbin D5 da =SUM(B2:B4)*100+SUM(C2:C4), wanda zai ba shi 2,587,225. Daga nan =INT(D5/100) zai fitar da naira 25,872, =MOD(D5,100) kuma ya fitar da ragowar kwabo 25.

Akwai tarko biyu da suka fi wannan haɗari. Na farko, liƙa gidajen biyu da ɗigo a tsakani. Naira 40 da kwabo 5 za su zama 40.5, wato kwabo biyar ya rikiɗe ya koma hamsin. Na biyu, kuɗin da aka mayar wa mai saye. In an mayar da N300.40, alamar ragi dole ta hau kan 300 ta kuma hau kan 40. In aka sa ta a gidan naira kaɗai, kwamfuta za ta debe 300 ta ƙara kwabo 40, lissafi ya kauce da kwabo 80.

Mai karatu na iya cewa ai kwabo ba ya sayen kome a kasuwar Jalingo, kuma gaskiyarsa. Amma banki da hukumar haraji ba su yar da shi ba. Harajin kayan masarufi na VAT, wanda aka fara karɓa a 1994 a kan kashi 5 cikin 100, ya koma kashi 7.5 a Fabrairun 2020, kuma lissafinsa yakan faɗa kan kwabo: harajin N1,250 shi ne N93.75. Bambancin naira biyu bai kai a yi kuka ba, sai dai littafin da kullum ba ya dacewa da takardar banki yakan koya wa mai shi kau da kai, har ran da babban giɓi zai ɓuya a bayan ƙaramin. Jami'in bashi da odita kuwa wannan dacewar suke fara dubawa.

A ganinmu, mai buɗe sabon jadawali ya rubuta kowane kuɗi a gida ɗaya, da lamba biyu bayan ɗigo. Mai tsohon jadawali kuma ya ƙara gida na uku, ya sa =B2+C2/100 a layin farko, ya jawo shi har ƙasa, sa'an nan ya riƙa ɗaukar jimla daga can.