Kada Ka Ji Tausayin Barkono Mai Ciwo

Manoman Batsari da Safana, ga wata ɓarna da ke maimaituwa a fadamunmu kowace shekara. Barkono da attarugu su tashi lafiya, sai ganye ya nannaɗe, ya yi dabbare-dabbaren rawaya, tsiro ya tsugune, 'ya'ya su fito ƙanana a murɗe. Wannan aikin ƙwayar cutar bairos ne, wadda darɓa da farin ƙuda ke tsotsowa daga tsiro mai ciwo su kai wa mai lafiya. Tun 1971 masana suka bayyana ɗaya daga cikin ire-irenta a Gana, kuma ta yaɗu a Afirka ta Yamma.

Ido kaɗai ba ya rarrabe ta, domin ƙarancin taki ma yakan sa ganye ya yi rawaya. Shi ya sa masana ke amfani da gwajin PCR, irin wanda aka yi wa mutane lokacin korona a 2020. Ana niƙa ganyen, a tsamo ƙwayar halittar cutar, na'ura ta ninka ta sau miliyoyi har a gane ko wace iri ce, tun ma alama ba ta fito ba. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya, na nan don matsalolin manoma, kuma ta hannun malamin gona ake isa gare ta.

Babban haɗarin shi ne barin tsiro mai ciwo a gona. Babu feshin da ke warkar da bairos. Makiyayi in ya ga saniya ta kamu da ɓoru, ba ya cewa ai ta yi ƙiba, ba ya lissafin nononta. Ware ta yake yi nan take, don ya san kwana ɗaya a cikin garke ya isa ta shafa wa saura. To kai me ya sa kake lallaɓa tushe biyar, kana zuba musu kuɗin magani, har su cinye maka kadada? Wannan sakaci ne, kuma ƙwarin ba su san iyakar gona ba. Addini ya hana mu cutar da maƙwabci, kuma za a tambaye mu.

Sauran matakan kariya a taƙaice: nemi iri mai kyau, lulluɓe gadon reno da gidan sauro, nome ciyawa, wanke hannu bayan taɓa mai ciwo.

Duk tsiron da ya nuna alama, tumɓuke shi yau, ka ƙone shi nesa da gona, sannan ka sanar da malamin gona.