Doki da Warkar da Zuciya: Darasi ga Jama'ar Dakusa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya saukar da cuta ya saukar da magani.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, akwai ciwon da ba ya zubar da jini amma yana cin mutum. Tun harin da aka kai Diffa da Bosso a 2015 muke ganin waɗanda suka dawo ƙasar Damagaram barci ya ƙaurace musu, ƙaramar ƙara na firgita su. Haka nan akwai wanda rasuwa ko asara ta jefa cikin ƙunci har ya daina shiga mutane. Sau da yawa mukan ce raunin imani ne. Wannan kuskure ne. Annabi Ya'aƙubu (AS) ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, kuma malamin nan Abu Zaidil Balkhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, ya lissafa tsoro da baƙin ciki cikin cututtukan da ake yi wa magani.

Daga cikin sabubban sauƙi akwai wanda ke ɗaure a turke cikin gidajenmu, wato doki. Mun san shi a hawan sallah a ƙofar Sarkin Damagaram, mun san Allah ya rantse da shi a Suratul Adiyat, amma ba mu lura da wannan amfani nasa ba.

Doki dabba ce mai saurin tsorata, saboda haka yana lura da motsin wanda ya kusance shi. Idan ka zo masa a firgice sai ya ja da baya; idan ka sassauta numfashi ka tausasa murya sai ya tsaya. Da haka mai razana yake koyon kwantar da kansa, domin yana ganin sakamakon nan take. Sannan doki ba ya tambaya, ba ya gori, ba ya kai labari dandali. Shayar da shi da ba shi harawa da dusa kuwa kan tilasta wa mai ƙunci fitowa ɗaki da asuba.

A 2021 masana na Jami'ar Kolombiya a Amurka sun bayyana gwajin da suka yi wa tsofaffin sojoji 63 masu ciwon firgita. Mako 8 suka yi suna shafa dawaki da jan su da ragama, ba tare da hawa ba, kuma da yawansu sun sami sauƙi. Gwajin ƙarami ne, don haka doki taimako ne, ba ya maye gurbin likita.

To, mene ne ke kanmu?

Na farko, mai doki a Dakusa ya gayyaci maƙwabcinsa mai ƙunci ya taya shi kiwo, ya zaɓi doki mai ladabi, kada ya bar shi shi kaɗai, kada kuma ya tilasta masa hawa.

Na biyu, wanda ya daina ci da barci, ko yake ambaton halaka kansa, a kai shi asibiti a Zinder ba da jinkiri ba, tare da addu'a.

Na uku, mu kame harsunanmu daga kiran irin waɗannan bayin Allah mahaukata.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sanyaya zukatanmu. Amin.