Yadda Ake Shirya wa Matasa Koyon Zane da Ɗaukar Hoto a Tukur-Tukur

Yaron da ya tashi a Tukur-Tukur kullum yana ratsa tarihi a hanyarsa ta zuwa makaranta, sai dai da wuya a samu wanda ya taɓa ce masa, “Tsaya ka duba.” A nan aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, gidan da ya riƙa buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda Abubakar Imam ya zama editanta tun fitowarta a 1939. Ga dutsen Tukur-Tukur, ɗan'uwan Kufena da Madarkaci. Ga ragowar ganuwa, ga Ƙofar Doka da Ƙofar Kibo, ga sorayen cikin birni masu zanko. Duk mai son haɗa matasa da gidan tarihi a Zariya ya sani tun farko cewa birnin kansa shi ne ɗakin nuni na farko, aikinsa kuwa shi ne koya wa yara kallo. Ga yadda ake bi.

Mataki na 1: Neman izini

Kafin a sayi ko da fensir ɗaya, a je a gaida mai unguwa, a yi masa bayani dalla-dalla: su wane ne masu shirin, yara nawa za a ɗauka, ina za a riƙa zama, ina za a kai su. Daga nan sai limami, da shugabannin makarantun boko da na Islamiyya. Kowane yaro ya kawo takardar amincewa da sa hannun mahaifi ko mariƙi.

Za a samu iyayen da ke ɗari-ɗari da maganar zanen abu mai rai. A saurare su da ladabi, a nuna musu jadawalin: gini, ɗinki, zayyana, kayan sana'a, duwatsu da itatuwa. Fasahar Hausa dama a nan ƙarfinta yake. Idan akwai 'yan mata, a nemo malama da za ta kasance tare da su daga fita har dawowa.

Mataki na 2: Zaɓen yara da lokaci

Yara goma sha biyu zuwa goma sha biyar sun isa, masu shekara 13 zuwa 17. In sun wuce haka, malami zai koma mai tsawatarwa. Kada a tsaya kan masu ƙoƙari a aji kaɗai. A nemo yaron da ke zaman shagon tela, da yarinyar da ta iya zanen lalle, da almajirin da ya iya zayyanar allo, domin hannunsu ya riga ya san layi.

Mako shida ya wadatar, zama biyu a mako. Alhamis da Juma'a ne makarantun allo ke hutu, dogon hutun boko kuma yana faɗowa cikin Agusta. A damina ƙasa kore ce, sama a wanke, sai dai ruwa kan rushe fita. A hunturu babu fargabar ruwa, amma hazo yana dusashe hoto, ƙura kuma tana shiga kyamara. Kowanne aka zaɓa, a yi masa tanadi.

Mataki na 3: Kayan aiki

Littafin zane da fensir da magogi ga kowane yaro, sai waya mai kyamara guda ɗaya ga yara uku. Wannan rabon yana da hikima: ɗaya na ɗauka, ɗaya na neman izini, ɗaya na rubuta wuri da rana. A tanadi kwamfuta ɗaya ta adana hotuna, da batirin caji saboda ɗaukewar wuta. A ware kuɗin mota, da na ruwa da abin taɓawa, da na wanke hotuna a ƙarshe. Wannan na ƙarshen shi aka fi mantawa, shi ne kuma ke sa shiri ya mutu ba a ga amfaninsa ba.

Mataki na 4: Fensir kafin kyamara

A makon farko kada a taɓa waya. A ajiye babbar riga a tsakiyar ɗaki, a ce kowa ya zana abin da ke ƙirjinta. Yaro zai ce ya san aska takwas, amma sai ya zo zanawa zai gane bai taɓa ƙirga askakin ba, bai lura da inda tambari ya zauna ba. Washegari a kawo faifai, ko ƙwarya mai zane, ko zanen dagi, a sa su bi zaren da ido su ga ta ina ya shiga, ta ina ya fita. Mai latsa waya yana gamawa cikin ƙiftawar ido, mai zane kuwa dole ya zauna da abu rabin sa'a. Wannan zaman shi ne darasin.

A nan ya dace a ba su labarin ɗaliban da suka kafa Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya a 1958, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962: Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya, Yusuf Grillo da abokansu. Sun koyi dabarun Turawa, amma suka dage cewa abin da za su zana daga al'adun gidajensu zai fito. Su ma a lokacin samari ne.

Mataki na 5: Haske da ladabin ɗaukar hoto

Abu uku ake fara koyarwa. Na ɗaya, haske. Zanen jikin bango yana fitowa ne da hantsi ko bayan la'asar, lokacin da rana ke bugunsa ta gefe, kowane tudu ya yi inuwa. Da tsakar rana sai ya baje kamar babu shi. A kai su gaban soro ɗaya sau biyu a yini guda, su gani da idonsu. Na biyu, matsawa kusa da ƙafa maimakon jawo hoto da yatsa. Na uku, duba kusurwoyi huɗu kafin a latsa, kada leda ko wayar lantarki su ɓata aiki.

Sai ladabi, wanda ya fi duk dabarun nan nauyi. Ba a ɗaukar mutum sai an yi sallama an nemi izini. Wanda ya ce a'a, a yi masa godiya a wuce. Iyakar baƙo zaure. Ba a ɗaukar mai salla, ko mara lafiya, ko ƙananan yara ba da sanin manyansu ba. Wanda aka ɗauka kuma a koma masa da hotonsa a takarda.

Mataki na 6: Fita cikin birni

A bi wuraren tukuna ba tare da yara ba, a sanar da masu su. Fita ɗaya ta ganuwa da ƙofofi, ɗaya ta masu sana'a: maɗinka, dukawa, maƙera. Idan aka dace da tsohon magini, a zaunar da yara gabansa ya nuna musu tubali da azara da makuba, ya faɗi yadda ake ɗaure bakan gizo. Kowace ƙungiya ta tafi da tambaya ɗaya da iyakar hoto ashirin. Iyakar ce ke sa yaro tunani kafin ya latsa.

Mataki na 7: Ziyarar gidan tarihi

Sai yanzu, bayan ido ya buɗe. Mafi kusa shi ne Sashen Zane-zane na jami'a a Samaru. In da hali, a je Gidan Tarihi na Ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna, ko Gidan Makama a Kano. A rubuta wasiƙa mako biyu kafin ranar, a tambayi kuɗin shiga da dokar ɗaukar hoto, domin akwai kayan da ba a yarda a haska musu fitilar kyamara ba.

Kada a zagaya da yara ɗaki-ɗaki har su gaji. A roƙi jami'in ilmantarwa na gidan ya zaɓi kaya biyar kacal. A gaban kowanne a yi shiru na minti biyu, sannan a tambaya: da me aka yi shi, wane ne ya yi, wa aka yi wa, akwai irinsa a gidanku? Ranar da yarinya ta ce, “Kakata na da irin wannan tasar,” ranar ta gane gidan tarihi nata ne.

Mataki na 8: Tacewa da baje koli

Kowa ya zaɓi hoto uku da zane ɗaya, ya tsaya gaban 'yan'uwansa ya faɗi dalilinsa. Ya rubuta bayani da Hausa, da boko ko da ajami: mene ne, a ina, yaushe, wa ya ɗauka. A wanke hotunan, a manna a kwali, a rataya a zauren makaranta cikin unguwa, inda uwa za ta iya zuwa da ƙafa. A gayyaci mai unguwa ya buɗe, a ba masu sana'ar da aka ɗauka kujerun gaba. Yaran ne za su yi wa baƙi bayani, malami ya koma gefe.

Mataki na 9: Adanawa

A ranar 11 ga Agusta 2023 wani sashe na babban Masallacin Juma'a na Zariya ya rufta, aka yi asarar rayuka, Allah ya jiƙansu. Ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu ne, tun zamanin Sarki Abdulkarimu a shekarun 1830. Mai son nazarin bakunansa yau yana komawa ne ga hotuna da awon da masana irin su Zbigniew Dmochowski suka bari. Shi wannan masallaci ya yi suna har an rubuta shi. Soron da ke lungunku fa, wanda damina ɗaya ko buhun siminti zai iya shafewa?

Saboda haka kada a sallami yara sai kowane hoto ya samu suna da wuri da kwanan wata, an ajiye kwafi biyu a wurare daban, an miƙa ɗaya ga ɗakin karatu ko gidan tarihi. A zaɓi biyu daga cikin yaran su zama mataimakan malami a zagaye na gaba, a damƙa musu littafin rajistar hotunan su ci gaba da cika shi.