Me ake nema a wurin gwanin ɗan wasan gaba?

Wani mai sauraronmu daga Zariya yana tambaya: waɗanne halaye ne ke sa ɗan wasan gaba ya zama gwani?

To Malam, abu na farko shi ne sanin inda zai tsaya. Dubi ƙwallon da marigayi Rashidi Yekini ya ci Bulgeriya a 1994, wadda ita ce ta farko da Najeriya ta ci a Gasar Kofin Duniya. Finidi George ya kwaso ƙwallo ta dama ya turo ta gaban raga, Yekini kuwa tuni ya sulale wa 'yan baya, taɓawa ɗaya kawai ya yi. Wannan sulalewar ita ce gwaninta, domin in ya yi gaggawa satar gida ce, in ya yi jinkiri an riga shi.

Na biyu, natsuwa idan ya rage daga shi sai mai tsaron raga. Na uku, iya bugu da kowace ƙafa da kuma ka, kamar Victor Osimhen, wanda ya ci wa Napoli ƙwallo 26 a gasar Italiya ta 2022/23. Sai kuma ƙarfin zuciya: in ya ɓarar yanzu, ya sake nema nan take.