Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Manyan Ƙasashe Ke Shan Kashi a Tsaunukan Bolibiya?

TAMBAYA

Gardama ce ta kaure a majalisarmu tun lokacin da Bolibiya ta ci Barazil 1-0 a watan Satumban 2025. Wasu sun ce tsayin wurin ne ya kayar da Barazil. Wasu kuma sun ce ai iska iska ce, wanda aka kayar dama ba ya rasa uzuri. Ni dai ina ganin zalunci ne a kai 'yan wasa inda ba za su iya numfashi ba, ya kamata FIFA ta hana. Sannan in har tudu yana ba da nasara, me ya sa ba mu taɓa jin ƙungiyoyinmu suna kuka idan sun je Jos ba? Don Allah a warware mana.

Mai karatu daga Gusau

AMSA

Abokanka da suka ce tsayin wurin yana tasiri su ne da gaskiya, kuma likitoci sun daɗe da sanin dalili. Amma batun a hana Bolibiya karɓar baƙi a gidanta, a nan ba zan bi ka ba.

Mu fara da tsayin kansa. Kano ba ta kai mita 500 daga doron teku ba. Jos tana wajen mita 1,200. Filin Hernando Siles da ke birnin La Paz, inda Bolibiya ta shafe shekaru tana wasanninta, yana kan mita 3,600 da 'yan kai, wato Jos sau uku. Filin El Alto kuwa, inda aka ci Barazil a wasan da kuke gardama a kansa, ya haura mita 4,000.

Masu cewa iska iska ce suna da ɗan abin kamawa. Oksijin da ke cikin iskar La Paz kashi 21 ne cikin ɗari, daidai da na Legas. Abin da ya ragu shi ne nauyin da ke danne iskar, don a can bai wuce kashi biyu cikin uku na wanda ke bakin teku ba. Ka dubi buhun auduga guda biyu, ɗaya an danna shi an tattake, ɗaya an zuba sama-sama. Girman buhu ɗaya ne, amma abin da ke ciki ba ɗaya ba ne. Ɗan wasa zai cika ƙirjinsa taf kamar yadda ya saba, sai dai oksijin da ya isa jininsa ya gaza abin da ƙafafunsa ke nema. Sai zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya ƙara sauri, tun kafin a busa usur.

Inda abin ya fi cizo shi ne wajen dawowar numfashi bayan gudu. Ƙwallo wasa ne na ka ruga, ka ɗan lafa, ka sake rugawa. Ka sa ido a kan ɗan bayan da ke gefe. Gudunsa na farko lafiya lau, ya kai ƙarshen fili ya kwaso ƙwallo cikin gida. A Buenos Aires da tuni ya juyo ya koma wurinsa. A La Paz sai ka gan shi ya dafa gwiwoyi, baki buɗe, yana kallon ɗan Bolibiya ya wuce ta gurbin da ya bari. Gudu na uku ba zai ma fara shi ba. Haka ƙungiya ke tsinkewa gida biyu, 'yan gaba ba sa dawowa, 'yan baya ba sa fita, tsakiya ta zama fili fetal.

Ga kuma ciwon tsauni, wanda yakan taso sa'o'i shida zuwa goma sha biyu da isa: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, rashin barci. Shi bai san gwani ba. Wani ƙaton ɗan wasa zai kwanta, abokin ɗakinsa kuwa ko a jikinsa.

Ita ma ƙwallon halinta yakan sauya. Iska marar kauri ba ta riƙe ta, don haka takan tafi da sauri, ta yi nisa, kuma ba ta lanƙwasa yadda mai bugun tazara ya saba. Doguwar ƙwallon da aka auna wa ɗan gaba sai ta wuce shi. Mai tsaron gida ya tashi daidai lokacin da ya saba, ya tarar ta riga shi. Shi ya sa 'yan Bolibiya ke son dirkawa daga nesa. Daniel Passarella, lokacin yana horar da Ajantina, ya koka cewa ƙwallo ba ta lanƙwasa bayan Ekwado ta ci su 2-0 a Quito a 1996. An yi ta yi masa dariya a ƙasarsa, alhali gaskiya ya faɗa.

Jiki yana iya sabawa. Ƙoda takan saki sinadarin da ke sa ɓargo ya ƙara jajayen ƙwayoyin jini, amma wannan aikin makonni ne, ba na kwana biyu ba. Su kuwa taurarin Barazil da Ajantina daga Turai suke zuwa, da 'yan kwanaki ƙalilan a hannu da wasanni biyu a gabansu. Shi ya sa ƙungiyoyi da yawa kan yada zango a Santa Cruz, birnin Bolibiya da ke ƙasa-ƙasa wajen mita 400, su hau jirgi ranar wasa, su buga, su sauko kafin ciwon kai ya kama su. Dabarar tana rage ciwon tsauni, amma ba ta ƙara wa kowa numfashi.

Tarihi ya nuna sakamakon. A ranar 25 ga Yulin 1993 Bolibiya ta ci Barazil 2-0 a La Paz, ta ƙafar Marco Etcheverry da Álvaro Peña. Wannan ne karon farko da aka taɓa cin Barazil a wasan neman gurbin Kofin Duniya. Wanda ya fi zama a bakin mutane shi ne na 1 ga Afrilun 2009. Maradona ne kocin Ajantina, Messi da Tevez suna fili. Marcelo Martins ya fara ci wa Bolibiya, Lucho González ya farke, mutane suka ɗauka Ajantina ta farfaɗo. Kafin hutun rabin lokaci an koma 3-1. Bayan an dawo ƙafafu suka mutu, Di María ya shigo daga benci ba da daɗewa ba aka ba shi jan kati, Joaquín Botero ya cika uku shi kaɗai, aka tashi 6-1. A 2017 kuma duniya ta ga hotunan Neymar da abokansa na Barazil sanye da abin shaƙar oksijin bayan sun tashi canjaras babu ci da Bolibiya. Wani bincike da mujallar likitocin Birtaniya ta buga a 2007, wanda ya bi wasannin Kudancin Amurka na fiye da shekara ɗari, ya gano cewa duk ƙarin mita 1,000 tsakanin mai gida da baƙo yana ƙara wa mai gida kusan rabin ƙwallo.

To amma ka dubi ɗaya gefen. Da tsauni ne ke cin wasa, da Bolibiya ba ta fashin Kofin Duniya. A shekarar da ta lallasa Ajantina, ta tara ta ƙare cikin ƙasashe goma masu neman gurbi. Bayan nasararta a gidan Benezuwela a 1993, sai da ta yi shekara 31 ba ta ci wasan neman gurbi a waje ba, har sai da ta doke Chile 2-1 a Santiago a Satumban 2024. Wata guda bayan haka ta je Buenos Aires aka zura mata shida babu ko ɗaya. Ajantinar Lionel Scaloni kuma ta je La Paz ta ci 2-1 a 2020, ta koma ta ci 3-0 a 2023 ba tare da Messi ya taka fili ba. Ba wani sirri suka yi ba. Sun riƙe ƙwallo, suna ba juna gajere-gajere, suka ƙi yarda wasa ya zama tsere, suka bar ƙwallo ta yi gudun a madadinsu. Tsauni yana rage tazarar da ke tsakanin ƙarami da babba, amma bai taɓa mai da marar iyawa gwani ba.

Akwai abin da ake yawan mantawa. Etcheverry da Martins, har da Miguel Terceros wanda ya ci Barazil da bugun fenareti a 2025, duka haifaffun Santa Cruz ne, ba 'ya'yan tsauni ba. Su ma sai sun hau sun saba, sun sha irin hakin da baƙi ke sha. Ribarsu ita ce lokaci da sabo, ba wani huhu na daban ba.

Shawarar da ka kawo kuwa an taɓa gwada ta. A Fabrairun 2007 ƙungiyar Flamengo ta Barazil ta buga da Real Potosí a kusan mita 4,000, 'yan wasanta suna fita gefen fili suna shaƙar oksijin, suka koma gida suna cewa ba za su sake ba. A watan Mayu FIFA ta haramta wasannin ƙasa da ƙasa a sama da mita 2,500. Dokar ta haɗa da Quito ta Ekwado da Bogotá ta Kolombiya. Ƙasashen tsaunukan Andes suka yi ca, shugaban Bolibiya na lokacin Evo Morales ya jagoranci fafutukar, FIFA ta ɗaga iyakar zuwa mita 3,000, daga bisani a Mayun 2008 ta jingine dokar. Maradona da kansa, yana da shekara 47, ya je La Paz a Maris ɗin 2008 ya buga wasan nuna goyon baya. Da aka ci shi shida bayan shekara guda bai ɗora wa tsauni laifi ba, ya yaba wa Bolibiya. Wannan dattako ne da nake girmamawa.

Ga dalilina na ƙin haramcin. La Paz da El Alto ba sansanin da aka gina don cutar baƙi ba ne. Birane ne da kusan mutum miliyan biyu ke kwana suna tashi a cikinsu. Yaransu a nan suke koyon ƙwallo, ƙungiyoyinsu irin su Bolívar da The Strongest da Always Ready a nan suke wasa mako-mako. Gaskiya ne komawar da Bolibiya ta yi El Alto a 2024 da gangan ne, don ta ƙara matsa wa baƙi. Amma ita ma Kolombiya da gangan take kai baƙinta Barranquilla su buga cikin zafi da gumi, wanda ɗan La Paz ke jin jiki a cikinsa kamar yadda ɗan Rio ke ji a tsauni. Ba wanda ya ce a rufe Barranquilla. An dai kawo hutun shan ruwa. Idan ƙasa mai ƙarfi ta yi amfani da yanayinta a kira shi dabara, bai kamata na mai ƙaramin ƙarfi a kira shi zalunci ba.

Game da Jos, mita 1,200 bai kai inda ɗan wasa mai lafiya zai ji wani babban bambanci ba. Abin yana fara bayyana sosai ne daga wajen mita 2,000. Abin da baƙo ke fama da shi a Jos ya fi kusa da sanyi da gajiyar hanya. Inda Najeriya ta ɗanɗana tsayi na gaske shi ne Adis Ababa, wajen mita 2,350, a Oktoban 2013. Habasha ta matsa, ta fara ci, amma yaran Stephen Keshi suka yi haƙuri har Emmanuel Emenike ya zura biyu aka tashi 2-1.

Damuwarka da lafiyar 'yan wasa tana kan hanya, kuma ina tare da kai a kanta. Hakkin baƙo ne a duba lafiyar zuciyarsa kafin ya hau, a tanadi likita da oksijin a bakin fili, a tsara jadawali yadda mai son zuwa da wuri ya saba zai samu dama. Waɗannan su ne abubuwan da ya dace a matsa wa FIFA da hukumar ƙwallon Kudancin Amurka a kansu. Amma a ce wa al'umma guda ƙasarku ta yi tsayi, ku sauko gidan wasu in kuna son ganin 'ya'yanku suna wasa, wannan ya fi zama zalunci a kan wahalar minti casa'in da baƙo zai sha sau ɗaya a shekara huɗu. Allah ya sa mu dace, a gaida mutanen majalisa.