Amsar Tambaya: Ƙwayoyin Bitamin da Raunin Ganin Tsufa

Mai tambaya daga Kibiya na son sanin ko ƙwayoyin bitamin da ake sayarwa a kemis za su dawo wa mahaifinsa dattijo da ganinsa. Amsar ta dogara ga abin da ya raunana idon. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar tsakanin 2005 da 2007 ya nuna yanar ido, wato dusashewar madubin cikin ido, ita ce kan gaba wajen makantar da 'yan Najeriya, kuma babu ƙwayar da ke cire ta sai aikin likita. Haɗin bitamin C da E da zinc da lutein, wanda binciken AREDS2 na Amurka ya gwada ya kuma fitar da sakamakonsa a 2013, yana rage saurin lalacewar tsakiyar tantanin gani ne kawai, ga wanda likita ya tabbatar yana da wannan cuta. Ya fi dacewa a kai dattijon Babban Asibitin Rano ko Asibitin Ido na ECWA da ke Kano a auna shi, a kuma yawaita masa zogale da alayyahu da ƙwai, domin lutein ɗin nan yana cikinsu.